Ranar Da Na Suma A Bikin Karrama Sista Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka karrama Sista Rifkatu ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da waɗanda suka halarta.

Lokacin ina sabon nas a Gwarzo, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Rayuwa ta yi tsanani. Albashi sai ranar da ya ga dama, magani babu, ko safar hannu sai majinyaci ya sayo. Shugabarmu ita ce Sista Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, wadda kowa ke kira Mama. Da cutar amai da gudawa ta ɓarke a ƙauyukan Kara da Lakwaya, ita ta sa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya, ta raba mana aiki, ta yi ta haɗa ruwan gishiri da sukari a bokiti har Allah ya kawo sauƙi. Shi ya sa manya suka taso daga Kano don ba ta lambar yabo.

Ni aka zaɓa in yi jawabi a madadin ma'aikata. (To, ba zaɓa ta aka yi ba, naci na yi har aka gaji.) Tunanina, in manya suka ji Turancina, da ni za a fara in an tashi tura mutane ƙaro karatu. Na je har garin Durun na aro babbar rigar kawuna, wata shadda mai nauyin bargo. Ranar kuwa ko koko ban sha ba, ina ta bitar jawabi.

Bazara ce, ga shi an ɗauke wuta, lasifikar ma da batirin mota aka haɗa ta. An raba zauren taron da igiya, maza a dama, mata a hagu. Aka yi ta jawabai har rana ta take, aka miƙa wa Mama lambarta, sannan aka kira ni.

Na gyara hannun riga, na karɓi makirfo, na fara da cewa ma'aikacin jinya na gaskiya mutum ne mai juriya, ba ya gajiya, ba ya faɗuwa. Ina rufe baki na ga zauren yana juyawa.

Da na farka, ina kwance a siminti, ƙafafuna a ɗage bisa kujerar babban baƙo, shi kuma yana tsaye riƙe da takalmina. An tuɓe mini babbar rigar. Singiletin da ke ciki kuwa (Allah ya rufa asirin kowa) hujojinta sun fi yadinta yawa.

Daga baya aka ba ni labari. Ina faɗuwa wuri ya ruɗe da salati, wannan na cewa a kwara mini ruwa, wancan na cewa aljanu ne. Mama ta ajiye lambarta a ƙasa, ta tsallake igiyar nan. "Ranka ya daɗe, tashi ka ba ni kujera. Ku buɗe tagogi! Malam, yi masa fifita." Babu wanda ya yi musu. Malamin da ya ɗaura igiyar da hannunsa, shi ke yi mini fifita da hularsa.

Ta tallabo kaina, ta ɗura mini lemon da aka tanadar wa manya.

"Ɗana, me ka ci yau?"

"Ba komai, Mama. Ko koko."

Ashe makirfo na nan kusa da bakina, a kunne. Har masu sayar da rake a bakin ƙofa sun ji.

Babban baƙon ya ajiye takalmina, ya ce ba sai na ƙarasa jawabin ba, sun gani da idonsu. Aka yi tafi, ni kuwa na rufe ido kamar ban gama farfaɗowa ba.

Mama ba ta taɓa tayar mini da zancen ba har ta yi ritaya. Ƙaro karatu kuwa wani aka tura. Abin da na koya dai, in za ka yabi gwanar jinya a bainar jama'a, ka cika cikinka tukuna, ka yabe ta da baki. Ba dole sai ka zama majinyacin da za ta nuna gwanintar a kansa ba.