Gawar da Na Tare a Jami'a

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so, waɗanda suke wurin ba za su bar ni ba. Akwai ɗana Hamidu, ma'aikacin gwamnati. Akwai jikata Asma'u, wadda dominta aka yi tafiyar. Akwai maƙwabciyata a Nassarawo, Malama Rifkatu, mutuniyar Numan, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma bakinta bai yi ba. Sai ni. Sai ɗalibai da ban san iyakarsu ba, kowanne da waya a hannu. (Asma'u ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ban taɓa zama a aji ba, amma in ta ƙara gishiri zan ji.)

Asma'u marainiya ce. Ubanta, ɗana na fari, yana kasuwanci a Mubi lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Yarinyar da uwarta sun iso Jimeta, shi bai iso ba, kuma har yau ba wanda ya nuna mini kabarinsa. Ni na riƙe ta. Da ta gama sakandare, manyan jami'o'i biyu suka ba ta gurbi: wata ta masu hali da ta ce za ta ɗauki nauyinta, da wata tsohuwa ta gwamnati. Hamidu ya kafe a kan ta farkon. Yarinya tana son ta gwamnatin, wai can ne ake ƙera lauyoyi. Ni kuwa na ce ban taɓa ba da 'ya gidan da ban shiga na duba madafa da bayan gida ba, kuma ba a kan jami'a zan fara ba.

Ta masu halin muka fara zuwa, kuma gaskiya ta burge ni. Ciyawa a aske kamar kan ango, bango fes, shiru kamar asibiti. Hamidu sai nanata mini yake cewa a nan ba ƙungiyar ɗalibai, ba zaɓe, ba yajin aiki. Na tare wata yarinya na tambaye ta, in aka yi musu ba daidai ba, wa suke gaya wa? Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ce ai ba a yi musu. Amsar ba ta kwanta mini ba, amma na wuce, don ni ma shirun nake nema wa marainiyata.

Ta gwamnatin kuwa, da niyyar tara laifi na je, kuma tun daga ƙofa na fara samu. Hotunan 'yan takara sun rufe bango har ba a ganin fenti. Ƙarƙashin kowace bishiya gardama ake: mai gemu da mai gicciye a wuya suna nuna wa juna yatsa a kan gwamna, hannunsu ɗaya kuma a cikin ƙullin gyaɗa guda. Hamidu da Asma'u suka shiga ofis, Malama ta tafi zagawa, aka bar ni a benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Can sai na ji ganga. Taro ya ɓullo, a gabansa samari ɗauke da akwatin gawa lulluɓe da baƙin ƙyalle. Suna jijjiga shi, suna rawa, ana busa usur. Da yawansu suna riƙe da kwalaye masu rubutu, amma rubutu a wurina da sawun kaza duk ɗaya.

Ban san lokacin da na isa tsakiyar titi ba. Na ɗaga lemata na ce, "Ku sauke shi."

Suka sauke. Ganga ta mutu. Ni kuma na buɗe baki. Na ce na je jana'izar Kirista a Numan, na ga ta Musulmi ba adadi, ban taɓa ganin inda ake wasa da mamaci kamar buhun dawa ba. Na tambaye su ko wannan ba shi da uwa. Na ce wasunmu gawar muka nema mu binne ba mu samu ba. (A nan muryata ta karye, ni da ko a zaman makokin mijina ba a ga hawayena ba.) Na ɗora hannu a kan akwatin na yi doguwar addu'a. Masu hula suka cire, 'yan mata suka sunkuyar da kai, kowa ya ce amin.

Da na shafa, na tambayi dogon yaron da ke riƙe da lasifika ko marigayin ɗan wane gari ne. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ki gafarce mu. Famfo ne."

Ya ce tun farkon zango ba ruwa a ɗakunan kwanansu, shi ne za su kai wa shugaban jami'a gawar, kuma abin da ke rubuce a kwalayen ke nan. Ya ɗaga murfin. Ga kan famfo mai tsatsa, an kwantar da shi a kan matashi.

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Da na waiga, ga Malama Rifkatu ta rungume bishiya, kafaɗunta suna rawa. Amma a cikin ɗaliban nan ko ɗaya bai yi dariya ba. Yaron ya karɓi lemata, ya raka ni benci, wata mai hijabi ta sayo mini ruwan leda. Suka ɗauki akwatinsu a natse har suka sha kwana. Sai a can na ji dariyar ta fashe, ganga ta dawo.

A mota Hamidu ya ga dama ta samu. Ya ce, "Dada, kin gani da idonki. Ba ruwa, ba natsuwa, ga ki yanzu a wayar kowa."

Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa na gani, kuma a wannan jami'ar Asma'u za ta yi karatu. Yara ne da aka hana ruwa, jini na tafasa, tsohuwar da ba su sani ba ta tare su, suka saurare ta har ƙarshe, suka ɓoye dariyarsu don kada ta ji ciwo. Waccan yarinyar kuwa da ta waiga kafin ta amsa mini, na san irin waigen. Haka muka riƙa yi a kasuwa a shekarun tashin hankali, lokacin da mutum ba ya yarda da inuwarsa. Ban raini Asma'u don ta koyi wannan ba. Gara gidan da ake kuka a ji.

Hamidu ya mai da idonsa kan titi. Har muka shigo Jimeta Asma'u na ƙanƙame da hannuna kamar za ta karya. Malama ce kaɗai ta tambaya ko za a yi wa famfo sadakar bakwai, ta kawo shinkafa. Na ce mata na dai koyi abu guda a jami'a, kuma kyauta: kafin ki yi wa gawa kuka, tambayi sunanta.

Washegari da sassafe na sa mayafi na shiga kasuwar Jimeta. Na sayo jarka biyu manya da bokitin ƙarfe, na dire su a ƙofar ɗakin Asma'u. Na ce in ɗaliban sun sake fita zanga-zanga, ta fita tare da su, amma ta tsaya a gefe ta riƙa karanta wa tsofaffi kwalayen.