Gaisuwar Mutuwa da Ɗan Ludo

Wani ne a unguwarmu ta Aboabo, ya shiga wani wasa da ake yi a shagon Zakir mai gyaran waya a Sakasaka. Ana zagaye tebur, kowa ya zaɓi halittar wata duniya ya zama ita, Zakir ne alƙali. Shi gogan sai ya zaɓi wata ƙabila ta can bayan taurari, waɗanda ba sa kuka, ba sa dariya, ba sa tsoro, komai sai da hujja. In ɗayansu zai nuna abin da ke ransa, sai ya jefa ɗan ludo ya samu shida.

Aka naɗa shi kyaftin ɗin kumbonsu, da sharaɗin ya riƙe halin nan mako guda, har a waje. In ya saɓa, kujerar ta koma hannun Usumanu, abokin wasansu.

A makon ne mahaifiyata ta rasu. Ran addu'ar uku muna zaune ƙarƙashin kanopi, sai ga shi, Zakir da Usumanu na biye suna sa masa ido. Ya durƙusa gaban Kawu Mamudu, ƙanen marigayiya, ya jefa ɗan ludo kan tabarma. Biyu.

Ya ɗago fuska kamar bango. "Kawu, shekararta nawa?"

"Tamanin da ɗaya."

"To ai ta ma yi ƙoƙari. Ban ga dalilin wannan taro ba."

Kawu ya ce a miƙo masa sandarsa. Gogan ya yunƙura zai ruga, Usumanu ya tuna masa gudu tsoro ne, shi ma sai da shida. Ya jefa. Uku. Sanda ta sauka a gadon baya. Ya ce cikin natsuwa, duka ba ya dawo da mamaci. Ta sake sauka. Ya jefa. Ɗaya.

Liman ya tsayar da addu'a. Jama'a suka zagaye tabarma, masu rabon shinkafa suka ajiye faranti suna leƙe. Ni kaina, da nake makokin mahaifiyata, sai na ji ina cewa, Allah ka ba shi shida.

A jifa na bakwai shidan ta fito. Gogan ya zube ya kurma ihu, yana birgima, hawaye da majina, yana kiran innarsa.

Kawu ya jingine sanda, ya gyara zama, ya miƙa masa hannu.

"Mun gode, ɗana. Allah ya ba da lada."