Ƙullin Tsakuwa a Akurki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kusa ƙulla wa surukata sharri ba. Ina amarya a Gusau, Inna, uwar mijina, ta taso daga Kucheri da 'yan kaji a kwando, ta ce in yi kiwo. Gidan namu kuwa siminti ne tun daga ƙofa har bayan ɗaki, ni kuma ga son shara (ƙwayar yashi ba ta kwana a tsakar gidana). Ba a jima ba kajin suka yi sukuku, suna ci amma sai ramewa suke.

A zuwanta na biyu, na leƙa akurki da safe na tarar da ƙullin tsumma a kusurwa, bakinsa a buɗe. Ciki 'yan tsakuwa ne wankakku tas, da dakakken ɓawon ƙwai. Na ce shi ke nan, an yi mini asiri. Wa ya shiga nan jiya ban da Inna?

Maimakon in tambaye ta, sai na kirawo maƙwabciyata Maman Hafsa (wadda magana ba ta kwana a bakinta). Na jawo ƙullin da sanda ina tofa addu'a, ita kuma ta ɗauko ashana. Ina cikin cewa, "Kin ga abin da aka ajiye mini!" sai ga Inna riƙe da buta.

"Mi kuka yi ma tsakuwar kaji?" in ji ta. "Ɗiyata, kaza ba ta da haƙori, da wagga taka niƙa hatsi cikin ƙundunta. Rafi na tsinto ta na wanke, don ta bakin kwalta duk baƙin mai da fasassar kwalba. Gidanki babu ƙasa, ina za su samu?"

Sai ta dubi sandar, ta dubi ashanar, ta dube ni.

"Shara muke yi, Inna," na ce.

Ta sunkuya ta tattara abinta ta mayar akurki. Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kajin sun murmure, Inna ma ta yafe. Amma har yau in ta kawo mini daddawa, sai ta kwance ƙullin a gabana ta ce, "Duba da kyau, ta miya ta." Ni dai na koyi tambayar mai ƙulli kafin in kira maƙwabta.