Duron Hajiya Luba

"...Lafiya lau, angona. Wa ya ara maka wannan kakin?"

Hajiya Luba na zaune a kan murfin duronta a tsakar gidansu na unguwar Mamobi. Tun da ta ji tankas, masu duba tsabtar gidaje, sun shigo lungu ta haye, don famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba. Ba ta zaci jikanta Abdulai ne zai shigo da ludayin duba ruwa a hannu ba.

"Sauko, tsohuwa. Aiki na zo."

"Aiki? Kai da na wanke wa kashi da ruwan duron nan?"

"Shi ya sa har yau ban yi ƙiba ba. Gotar ruwan datti dai na gani, kin share. Saura duro."

"Mijin kirki kifi yake kawo wa matarsa. Nawa ludayi ya kawo, wofi kuma."

"Matar kirki ba ta kiwon sauro. Daga unguwar Nima ake jin kukansu."

"Dabbobina ne. Da layya zan yanka maka babban."

"Haƙori nawa ya rage miki da za ki taya ni ci?"

"Wanda zai ciji tankas yana nan."

Ta gyara zama, ta harɗe hannu. Ta san ruwan na motsi da 'ya'yan sauro, ta gani da asuba. Amma in an zubar, wa zai hau mata tudu da jarka ya ɗebo wani?

"Kai ni kotu. In gaya wa alƙali har ka shiga makaranta kana jiƙa mini tabarma."

"Ni kuma in ce na sake ki, ya nemo miki wani."

"Wa zai karɓi ragowarka?"

Abdulai ya rage murya. "Kaka, jaririyar ƙanwata Najat fa a nan take kwana. Zazzaɓin wancan watan bai ishe mu ba?"

Hajiya ta dubi ƙofar ɗakin.

"Ba don kai zan sauka ba, ƙafata ce ta yi tsami. Kuma hannun da ya zubar, shi zai cika."

"Da kakin gwamnati?"

"Da hular ma. Mamobi ta ga mijina ya yi amfani sau ɗaya."

Ya kwashe da dariya, ya kama hannunta ta sauko. Ta miƙa masa soso da sabulu.

"Ungo tukwici. Fara da cikin duron."