Rasuwar Baldomero, Injin da Aka Lulluɓe da Fatar Tunkiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta huce ba, ni Eleuterio Mansilla na tsallaken tafki nake sanar da dangi da abokan arziki na ƙauyen Puerto Guadal rasuwar injin jirgin ruwana, Baldomero. Ya cika a tsakiyar sanyin Yuli, yana kwance a rumfarsa, cikinsa fal da ruwa.

Na raɗa masa sunan kawuna ne saboda tarinsu iri ɗaya. Da safe sai ya yi "ƙoh, ƙoh," kamar mai neman afuwa, sannan ya kama "tuf-tuf-tuf" har mu kai gaci. Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ƙorafi ko an ba shi gurɓataccen mai. Ya ɗauki itace, ya ɗauki tumaki, ya ɗauki ungozoma cikin guguwa. Na taɓa tsintar ɗan kifi da ransa a matatar ruwansa, na kuma tabbata marigayin ɓoye shi ya yi don tausayi. Shi ne ƙafata, domin babu hanyar mota zuwa tsallake, inda bukkata take, inda kuma matata Orfelina take kwance a kabarinta.

Duk shekara, idan ganyen itatuwan kan dutse ya yi ja a watan Mayu, nakan haye in yi zaman sanyi a gidan 'yata Herminda. Kafin in shiga ɗaki sai na kwantar da shi. In kwance notunan ƙasan cikinsa, in zura waya in sosa tsatsar da ta toshe ramin har ruwa ya tsiyaye tas. In ɗura masa maganin hana daskarewa, in ɗiga baƙin mai a ramin fulogi, in shafe shi da gires. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na daɗe ina mamakin ruwa. Komai a duniya takurewa yake yi idan ya ji sanyi, ban da shi. Shi idan ya daskare kumbura yake yi, kuma ƙarfe ba ya iya riƙe shi.

Bana aka tafi da ni birnin Coyhaique aikin ido. Na bar amanar marigayin a hannun mijin 'yata, Nibaldo Oyarzo, makiyayi, wanda duniyarsa ba ta wuce bayan doki ba. Na yi masa bayani tiryan-tiryan yana zuƙar shayin mate yana gyaɗa kai.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji shi. "Na sha raya ɗan tunkiya cikin dusar ƙanƙara."

Abu na farko da sabon idona ya gani da na dawo shi ne Baldomero naɗe cikin fatun tumaki, an rufa masa bargo, an ɗaure da igiyar fata kamar jinjiri. Na yaye. Tsaga ce tun daga wuya har gindi, tsatsa na zubowa ja-ja kamar hawayen jini.

Na ce, "Nibaldo, ka zubar da ruwan?"

Ya ce, "Ruwan ai nasa ne, Baba, ni sanyi na tsare masa. Taɓa ka ji laushi. Ko uwata ban taɓa lulluɓe ta haka ba."

Zoilo mai walda ya zo ya duba, ya cire hularsa ya ce, "Tsoho, wannan sai dai ka kira fadan coci." Herminda kuwa ba ta jira gawa ta huce ba. "To shi ke nan, Baba, ka gama yawon tafki. Ga ɗaki, ga murhu, ka zauna da mu."

Marigayin ya bar farfela ɗaya, da batir da yake kwance rai a hannun Allah, da jirgi maraya, da kwalbar ɓawon tsatsarsa da na daɗe ina tarawa saboda suna kama da taswirar ƙasashen da ba a gano ba tukuna. Ya kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an fito daga coci. Ba za a kawo baro ba, ba kuma za a ɗaura shanu ba. Nibaldo ne zai ɗauki gawar daga rumfa zuwa bakin ruwa, ana roƙon jama'a kada kowa ya kama masa. Za a binne marigayin a tafkin da ya yi wa hidima, ya zama maɗaurin jirgi. Nibaldo zai shiga ruwa har ƙirji ya ɗaura sarƙar da hannunsa, don ya san abin da Baldomero ya ji. Za a gasa rago, daga garken Nibaldo, kuma ni zan zaɓa.

Bayan nan iyali sun amince, wato ni na amince, a naɗa Nibaldo magajin marigayin. Na sassaƙa masa filafilai biyu na ɗanyen itace, ban kankare su ba. Shi zai tuƙa ni zuwa tsallake, shi zai riƙa kawo mini gari da kananzir har ranar da wani inji zai samu. Herminda na iya rufe ɗakinta.

Masu son kallo su zo da kujerunsu. Kowa ya san da tsakar rana iska take tasowa daga tsallake tana dukan gaban jirgi. Da tsakar rana za mu tashi.