Baffa Korau da Fitilun Garinmu

A gidanmu na Unguwar Rimaye mu huɗu ne. Akwai Baba, tsohon tela da yanar ido ta fara rufe masa gani, da Inna, da ni Zulai da na gama karatun kimiyya bana, sai Baffa Korau, ƙanen Baba. Baffa ya haura arba'in, ga ƙarfi kamar bijimi, kuma duk abin da aka ce ya yi haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari.

Baba ne ya koya mini taurari tun ina ƙarama. Shi ya sa na aro madubin hangen taurari daga malaminmu na mako biyu, don in nuna masa gajimaren da ke ƙarƙashin taurarin nan uku masu jere, inda sababbin taurari ke tsirowa, kafin idonsa ya rufe. Fitilun sola da aka kakkafa a garin sun mai da sama kamar kunun kanwa, amma na zo da maganinsu: ɗan gilashi kamar kwabo, mai tace haske irin na rariya, ya tare na fitilu ya bar na gajimaren.

Wata rana na kafa madubin a tsakar gida, na ce wa Baffa kada ya bari kowa ya taɓa. Bayan isha na miƙa hannu zan saita shi, sai na ji sanda a yatsuna. Na ce ai ni ce na ba shi tsaron.

"Kowa kika ce, 'yar nan. Ke ba kowa ba ce?"

Muna wannan ja-in-ja hadari ya rufe sama, bai yaye ba sai bayan kwana uku.

Wata rana zan fita da la'asar, na yi masa bayani cewa ido sai ya zauna cikin duhu kafin ya ga abu mai dishi-dishi, don haka kada Baba ya ga haske kafin in dawo. Tocila nake nufi. Na dawo na tarar ya naɗe kan Baba da rawani har hanci, ya zauna a bayansa ya riƙe masa hannu biyu. Baba ya rasa jam'in magariba. Da aka kwance shi ya zage mu tas, ni da Baffa da jami'ar da ta yaye ni, ya shige ɗaki ya rufe.

Wata rana na lura fararen fitilun nan sun fi ƙarfin gilashin, haskensu na ɗan tsallake shi. Na ce to a rage na gida, duk abin da ke ba da haske a kashe. Baffa ya ɗauki tulu ya juye a murhu, tuwo na tsakiyar tuƙi. Inna ta bi shi da muciya har zaure, ta dawo kaina. Muka kwana da yunwa.

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, gobe madubin zai koma. Sama garau, na saita komai, na hango gajimaren kamar tabon toka. Baba ya sa ido ya daɗe, ya ce shi baƙi kawai yake gani. Gilashin na rage hasken komai, abin da ya saura bai isa idonsa ba. Na cire shi, fitilu suka haɗiye gajimaren. Takaici ya ishe ni, ga Baffa yana tambaya ko a sake kawo rawani.

"Ɗauke abin nan daga gabana, Baffa. Ka yi ta tafiya da shi har sai ka daina ganin fitilun garin nan."

Na shiga ɗaki ina kuka. Da na fito, babu madubi babu Baffa.

Baba ya ce a tafi da shi neman ƙanensa, don shi kaɗai Korau ke tsoro. Maƙwabci ya ɗauke mu a kurarsa ta ɗaukar kaya mai injin, mutane na nuna mana hanya. Sun ce yana tafiya yana waiwaye, in ya hango fitila sai ya ƙara gaba. Baba yana lissafo abin da zai yi masa har muka zagaya bayan dutsen Gora. Can muka same shi zaune, madubin a cinya, ko ƙwarzane babu. Na buɗe baki zan fara, sai na ɗaga kai. Dutsen ya tare garin kaf, taurari sun cika sama kamar an watsa gero. Kwana goma sha uku na dogara da gilashi, ban taɓa tunanin taka ƙafa ba.

Na saita madubin. Baba ya sunkuya, sandar da ya zo duka da ita tana hammata. Ya daɗe yana kallo.

"Ga shi nan. Kamar tsuntsu ya buɗe fiffike, kamar audugar da aka shaɓa." Ya goge ido da hannun riga ya sake sunkuyawa. "Korau, maganar rawani tana nan, ban yafe ba. Riƙe mini sandar nan, kada ka ba ni ita sai gobe."