Nomau da Motar da Ba Ta Jin Totur

A Unguwar Ɗorawa, gidan da ke kallon garejina shi ne na Malam Kallamu, tsohon direba wanda ciwon suga ya cinye wa ido, ƙafafunsa kuma suka kumbura. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Abin da ya rage masa a duniya biyu ne, tsohuwar motarsa da ɗansa Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, ƙato ne, ya iya tuƙi don uban ya koya masa, amma fa abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni Sallau bakanike na sha wuyarsa, Allah ne shaida.

Ana tsakiyar damina saƙo ya zo daga Tudun Maƙera cewa Tabawa, yayar Malam Kallamu, jiki ya yi tsanani, ta ce a kawo mata ƙaninta. Shekara goma sha tara ba sa magana saboda gonar gado. Motocin haya sun daina bin hanyar, shi kuma ba zai iya zama a babur ba, ga hawan Dutsen Kura a tsakani. Motar tasa kuwa ta kamu da wani ciwo: in ka taka totur sai ta yi shiru, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta yunƙura. A kan hawa, baya za ta gangaro da mutane.

"Sallau," in ji tsohon, "ka taimake ni in je in roƙi yayata gafara tun tana numfashi."

Wata rana da safe na ce wa Nomau, "Ja ta ka zagaya. Duk inda ta yi maka wannan shirun, ka tsaya nan ka jira ni." Ashe a tsakiyar gadar kasuwa ta yi masa, kuma ranar kasuwa. Ya kashe mota ya naɗe hannu. Masu amalanke suka yi zagi, masu shanu suka yi roƙo, shi dai amsarsa ɗaya: "Yaya Sallau ya ce in jira." Ni kuwa wani aiki ya riƙe ni, ban samu labari ba sai bayan la'asar. Wuni guda ya tafi a banza.

Wata rana na ciro filtar iska, ta toshe da ƙura, na ce, "Ka tsabtace ta fes, kamar yadda kake yi wa rigar Babanka." Bakina ne ya ja. Ya tafi rafi da sabulu, ya jiƙa ta, ya buga a kan dutse, ya matse, ya shanya. Filtar takarda fa! Ya kawo mini ita a dagargaje yana murmushi, wai saura guga. Sai da muka jira kwana biyu aka kawo wata daga birni, aka sa, motar ba ta canza hali ba.

Wata rana na kwance fulogi ɗaya, baƙi ƙirin, ya ƙone, na damƙa masa. "Je birni ka sayo huɗu irin wannan sak." Ya dawo da yamma ƙafa duk taɓo, ya zube mini ƙonannun fulogai huɗu.

"Nomau, mene ne wannan?"

"Sun so su cuce ni da masu ƙyalli, na ƙi. Sai da na zagaye gareji shida na samu irinsa."

Na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai na ga yadda yake jiran in yaba masa. Hannun ya mutu. Washegari da kaina na je na sayo sababbi, na wanke kafireta, na ɗaure wayar totur. Na taka. Shiru, ɗaya, biyu, uku. Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

A ranar saƙo na biyu ya zo, Tabawa ta daina cin abinci. Na tarar da Malam Kallamu a zaure sanye da babbar rigarsa ta zuwa unguwa, wadda kullum yake sakawa tun safe ko za a ce masa motar ta tashi. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ni na fara gaya mata baƙar magana, Sallau. Ni ne ƙarami, kuma ni na fara."

Wata rana, ita ce Laraba, dabara ta ƙare mini. Na ce ko a rage mata nauyi mu gwada hawan a haka. "Nomau, fitar da duk abin da ke cikin motar nan, kada ka bar komai." Na tafi sallar azahar. Da na dawo, ga kujerun baya a waje, ga safayar taya, ga jak. Can kuma ga Nomau kwance a ƙarƙashin mota, ya kwance tanki, yana tatse fetur cikin robobin wanki.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa mai?"

"Ai shi ma a ciki yake, Yaya Sallau."

Na sunkuya zan ƙwace robar, sai na tsaya. A ƙasan man ga ruwa kwance, ya kai kwano biyu, ja wur da tsatsa. Murfin tankin ya tsage, tun farkon damina ruwan sama yana shiga. Ni da shekara talatin a sana'a ina can ina fama da gaban mota, ciwon yana baya. Muka wanke tanki, na busa bututun mai, muka zuba mai kyau. Ina taɓa totur ta zabura.

Ba mu tsaya mayar da kujeru ba. Katifa muka shimfiɗa muka kwantar da tsohon, Nomau ya ja, muka haye Dutsen Kura ko tari ba ta yi ba.

Mun sami Tabawa da rai, amma baki ya rufe. Ita ba magana, shi ba ido. Aka zaunar da shi a bakin gadonta, ya lalubo hannunta ya riƙe. Matan ɗakin suka fara cewa ai ta yafe tun tuni, ya ce su yi shiru, ya san lallashinsa suke yi.

"Nomau, matso. Abin da ka gani shi za ka gaya mini, kada ka ƙara komai."

"To, Baba."

"Yaya, ni ne Kallamu. Ki yafe mini."

Ni dai ina bakin ƙofa, hawaye ya hana ni gani sosai.

"Ta buɗe ido," in ji Nomau. "Tana kallonka. Ruwa yana fita a idonta. Ta ɗaga kai sama, ta saukar. Ta sake, sau biyu ke nan."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. "Sai me kuma?"

Nomau ya daɗe yana kallo.

"Ta rufe ido, Baba. Ina jira ta buɗe in gaya maka."